Edsger Dijkstra: Baturen Holan da ya aro dokar layin dogo ya koya wa kwamfuta jiran layi

A shekarar 1930 ne layin dogon da ya taso daga Kano ya isa Nguru, bayan ya ratsa ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Tashar da aka yi a wannan layi ce ta bar wa Gagarawa Tasha sunanta. Layin guda ɗaya ne tak. Jirgin da ya ɗauko gyaɗa daga gabas da wanda ya taso daga Kano, kan ƙarfe ɗaya suke bi, sai a tasha ne ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce. Saboda haka rayukan fasinjoji sun rataya ne a kan doka guda: tsakanin wannan tasha da ta gaba, jirgi ɗaya ne kawai zai shiga, kuma ba zai shiga ba sai tashoshin biyu sun yarda.

A cikin shekarar nan dai, ranar 11 ga watan Mayu, aka haifi wani yaro a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, wanda daga baya zai ɗauko wannan doka ta jirgin ƙasa ya shigar da ita cikin kwamfuta. Sunansa Edsger Wybe Dijkstra, ana furta shi kamar Daikstira. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya, ko ya cire a wurin mai POS, ya ci moriyar tunaninsa ko bai taɓa jin sunansa ba.

Yaron da ya so zama lauya

Mahaifinsa masanin kimiyyar haɗa sinadarai ne, ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar masana fannin ta ƙasar. Mahaifiyarsa gwanar lissafi ce, duk da ba ta taɓa yin aikin albashi da shi ba, kuma ita ya riƙa ambatawa a matsayin wadda ta koya masa son bayani gajere mai tsabta. Shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Kwana uku da cikarsa shekara goma jiragen yaƙin Jamus suka rusa tsakiyar Rotterdam, ya yi ƙuruciyarsa ƙasar tana hannun 'yan mamaya.

Da ya gama sakandare a 1948 burinsa ya karanta shari'a ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sakamakonsa a lissafi da kimiyya ya sa iyaye da malamai suka karkatar da shi, ya tafi Jami'ar Leiden karatun fiziks. A 1951 mahaifinsa ya tura shi wani kwas na mako uku a Cambridge ta Ingila, inda ake koyar da yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. A watan Maris na 1952 Cibiyar Lissafi ta Amsterdam ta ɗauke shi aiki, ya zama mutum na farko a Holan da sana'arsa ita ce rubuta manhaja.

Sana'ar sabuwa ce har hukuma ba ta san da ita ba. Lokacin da zai auri Ria Debets a 1957, ma'aikatan rajistar aure a Amsterdam suka ƙi rubuta ta a takarda, wai babu irin wannan sana'a. Dole aka rubuta masanin fiziks.

Abin da ya fi sa sunansa ya zagaya duniya kuwa, cikin kimanin minti 20 ya fito da shi a 1956, suna zaune shi da Ria suna shan kofi a wani shago a Amsterdam, ba takarda ba alƙalami. Ana neman misalin da za a nuna wa jama'a abin da sabuwar kwamfutar cibiyar, mai suna ARMAC, za ta iya, sai ya tsara dabarar gano hanya mafi gajarta tsakanin garuruwa biyu, ya gwada ta da taswirar garuruwa 64 na Holan. Sai a 1959 ya wallafa ta, a shafi uku. Har yau na'urorin da ke raba wa saƙonni hanya a intanet suna aiki da ita, manhajojin taswira na waya ma daga ita suka samo tushe. Amma wannan, duk da shahararsa, ba shi ne babban aikin rayuwarsa ba.

Kuskuren da ba ya maimaita kansa

Kwamfutocin farko abu ɗaya suke yi a lokaci guda, su gama su kama wani. Idan an yi kuskure, a sake kunna aikin daga farko, kuskuren zai sake fitowa a daidai inda ya fito, a kama shi. A ƙarshen shekarun 1950 aka ƙera wata kwamfuta a Holan, Electrologica X1, wadda na'urorin da ke jone da ita za su iya katse ta tana tsakiyar aiki, ta juya ta saurare su, sannan ta dawo. Dijkstra aka ɗora wa rubuta manhajar da za ta kula da wannan katsewa, a kanta kuma ya yi digirinsa na uku a 1959. Abin ya tsorata shi. Ya gane cewa daga yanzu za a riƙa samun kuskuren da ya dogara da daidai lokacin da katsewar ta faɗo, wanda za a iya gwaji sau dubu bai fito ba, ranar da ya fito kuma ba mai iya sake kawo shi don a bincika.

Misali ya fi saurin fahimtarwa. A ce wani dillalin shanu yana da Naira 500,000 a asusunsa. Ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari ya miƙa kati a cire 400,000. A daidai wannan daƙiƙa ɗansa yana Gumel, ya shiga asusun ta waya zai tura 300,000. Kwamfutar da ke kula da cinikin Maigatari ta duba ta ga 500,000, ta ce kuɗi sun isa. Kafin ta rubuta ragowar, wadda ke kula da na Gumel ita ma ta duba ta ga 500,000, ta amince. Ta farko ta rubuta saura 100,000, ta biyu ta zo ta rubuta saura 200,000 a kai. An fitar da 700,000 daga asusun da ke da 500,000, littafi kuma yana nuna akwai saura. Babu wadda ta yi kuskuren lissafi a cikinsu. Laifin kawai shi ne sun shiga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kamar jirage biyu a kan layi ɗaya.

Masu jirgin ƙasa sun riga kowa sanin wannan ciwo. A 1874, a Thorpe kusa da Norwich ta Ingila, rashin fahimta tsakanin ma'aikatan tasha da mai buga tangarahu ya sa aka saki jirage biyu a kan layi guda, suka yi taho-mu-gama, mutum 25 suka mutu. Bayan haka wani injiniya, Edward Tyer, ya ƙera na'urori biyu da ake ajiyewa a tashoshi biyu, waya ta haɗa su. Direba ba ya tashi sai an zaro masa wani faifan ƙarfe daga ɗayansu, kuma da zarar an zaro ɗaya, duka biyun sun kulle har sai an mayar da shi. Hikimar ita ce ba a dogara da kulawar ma'aikaci ko da kyakkyawan zato ba, an sa kuskuren ya zama ba ya yiwuwa.

A 1962 Dijkstra ya zama farfesa a Eindhoven, a nan ya fito da abin da ya sa wa sunan sandar siginar layin dogo, irin mai hannun nan da ke ɗagawa da sauka, wadda masu kwamfuta ke kira semafo. Lamba ce kawai da ake ajiyewa a bakin duk wani abu da ake tarayya a kansa. Aikin da zai shiga sai ya nemi wucewa. In a buɗe take, ya shiga ta rufe a bayansa. In a rufe take, ya jira. In ya fito ya sake ta, na gaba ya shiga. Haruffan da ya sa wa matakan biyu, P da V, daga kalmomin yaren Holan na wucewa da saki ya ɗauko su, har yau kuma ɗalibai a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da su suke koyon darasin.

Shafi ɗaya da ya buɗe fage

A watan Satumba na 1965 ya wallafa wata maƙala mai shafi ɗaya rak, wadda masana da yawa ke ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni gaba ɗaya. Wani abokin aikinsa, Theodorus Dekker, ya riga ya warware matsalar idan ayyuka biyu ne. Dijkstra ya warware ta ga kowane adadi. Abin da ya fi warwarar muhimmanci shi ne sharuɗɗan da ya gindaya. Kada biyu su taɓa shiga tare. Kada a dogara da cewa wannan ya fi wancan sauri, domin mai sauri yau gobe yana iya yin nawa. Idan ɗaya ya tsaya can waje bai nemi shiga ba, kada tsayuwarsa ta hana sauran. Sannan kada a yi ta kara har abada, irin ta dattawa biyu da suka haɗu a ƙofar zaure, wannan ya ce bismilla, wancan ya ce a'a kai dai bismilla, har rana ta faɗi ba wanda ya shiga.

Sharaɗin sauri shi ne zuciyar al'amarin. Kafin shi, mai rubuta manhaja yakan ce ai wannan aikin zai gama kafin wancan ya iso, ya bar abin a haka. Dijkstra ya ƙi wannan sam. A wurinsa duk tsarin da lafiyarsa ta dogara da sa'a, ba lafiyayye ba ne, ranar wankansa ce ba ta zo ba. Wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa ya dawo a ƙauyukan Sule Tankarkar ko bakin iyakar Maigatari, inda saƙo kan iso nan take ko ya yi minti biyar a hanya, zai gane dalilin wannan taurin kai.

Wasu suka ɗora. Donald Knuth ya nuna a 1966 cewa a tsarin Dijkstra wani aiki zai iya yin ta jira wasu na shige shi, ya gyara. A 1974 Leslie Lamport ya kawo dabarar da kowa zai ja lamba, mai ƙaramar lamba ya fara, kamar dai yadda ake raba lamba a ƙofar banki.

Kulle yana maganin karo, amma yana haifar da nasa ciwon, kuma Dijkstra ne ya fara zayyana shi sosai. Idan wannan aiki ya riƙe abu ɗaya yana jiran na hannun wancan, wancan kuma ya riƙe nasa yana jiran na hannun wannan, shi ke nan an cije, babu mai motsi. Ya kira abin da sunan da ke nufin rungumar ajali. Ya mai da shi tambayar jarrabawa ga ɗalibansa, wadda abokinsa Tony Hoare ya yi wa kwalliyar da ta shahara da ita: masana biyar a zagaye da tebur, cokali biyar a tsakaninsu, kowa kuma sai da cokali biyu zai iya ci. In kowa ya ɗauki na hagunsa a lokaci guda, duk za su zauna da cokali ɗaya a hannu yunwa ta kashe su, abinci na gabansu. Ɗaya daga cikin magungunan da ya bayar ya kira shi dabarar mai banki: kada a ba da rance sai an tabbata abin da ya rage zai isa a sallami wani har ya gama ya dawo da nasa.

Duk wannan ba a takarda ya tsaya ba. Shi da wasu tsirarun abokan aiki sun gina babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar jami'arsu, suka kira ta THE, suka jera ta hawa-hawa yadda kowane hawa zai dogara da na ƙasansa kawai, a iya tabbatar da ingancinsa shi kaɗai. Ya bayyana ta ga duniya a 1968.

Mutum mai wuyar sha'ani

Shekarar 1968 ba ta yi masa daɗi ba. Sashen lissafi na jami'ar bai ɗauki ilimin kwamfuta da daraja ba, aka wargaza rukunin da ya tara, shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya faɗa cikin matsananciyar damuwa. A shekarar ce kuma wata wasiƙarsa ta tayar da ƙura, inda ya soki umarnin da ke sa manhaja ta yi tsalle daga wani layi zuwa wani ba tsari, ya ce shi ke sa ta zama kamar zaren da ya harɗe. An shekara da shekaru ana musu, daga ƙarshe mafi yawan masu sana'ar suka bi bayansa. A 1972 aka ba shi lambar Turing, mafi girma a fannin.

Ba shi da sassauci a baki. Ya yi kaca-kaca da yarukan kwamfuta irin su BASIC da COBOL da FORTRAN, waɗanda dubban mutane ke ci da su, yana ganin suna lalata tunanin mai koyo. Yakan tsare mai gabatar da lacca da tambaya har ya rasa ta cewa. Matsayinsa da aka fi tunawa shi ne gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba zai taɓa nuna babu shi ba, don haka kamata ya yi a gina manhaja tare da hujjar lissafi da ke tabbatar da ita. A nan kam duniya ba ta bi shi duka ba. Yawancin manhajojin da ke cikin wayoyin mutane gwada su ake yi a sake su, in sun fashe a tura gyara. Kamfanoni na ganin hanyarsa ta yi tsada ta yi jinkiri, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai a wuraren da kuskure ke cin rai ko dukiya mai yawa, kamar jiragen sama da siginar jiragen ƙasa da manyan rumbunan bayanai, ana komawa ga irin hujjar da ya nace a kai.

Abin mamaki, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan kwamfuta bai cika amfani da ita ba. Da alƙalamin tawada yake rubutu, ya sa wa kowace takarda haruffan sunansa, EWD, da lamba, ya yi kwafe ya aika wa abokai, su kuma su yaɗa. Ko talabijin ba shi da ita a gida. Piyano da kiɗan Mozart su ne hutunsa.

Tsarin da ke warkar da kansa

A 1973 kamfanin Burroughs na Amurka ya ɗauke shi mai bincike, aka bar shi ya yi aiki daga gidansa a ƙauyen Nuenen, yana leƙa jami'a ranar Talata kawai. A nan ya fuskanci tambayar da ta fi ta baya wuya. Semafo tana aiki ne idan akwai wuri guda da kowa ke dubawa. To idan kwamfutocin a warwatse suke, babu shugaba, kowace maƙwabciyarta kaɗai take gani fa? Idan kuma wuta ta ɗauke ko saƙo ya ɓace, aka wayi gari faifan izini ya zama biyu, wa zai gyara?

A watan Nuwamba na 1974 ya ba da amsa a shafi biyu. A jera kwamfutocin a zobe, kowace ta riƙe lamba, tana kallon ta hagunta. Duk wadda ta ga lambarta ta bambanta da ta maƙwabciyarta, izini na hannunta: ta yi aikinta, sannan ta kwafi lambar maƙwabciyar, da haka izinin ya matsa gaba. Guda ɗaya ce aka ba akasin wannan doka. Ita sai ta ga lambarta ta yi daidai da ta maƙwabciya take da izini, in ta gama ta ƙara ɗaya a kan tata. Dijkstra ya nuna cewa ko da wane irin hargitsi aka fara, ko da izini uku ne ke yawo, muddin lambobin da ake zagayawa a cikinsu sun kai yawan kwamfutocin, bayan ɗan zagaye za a koma izini ɗaya tak, ba tare da wani ya zo daga waje ya kashe ya kunna ba. Kamar 'yan adashi ne da littafi ya ɓace musu, amma kowa ya bi ƙa'ida ɗaya game da na kusa da shi, kwasa ta dawo kan tsarinta da kanta.

Kusan shekara tara ba wanda ya kula da maƙalar. Sai a 1983 Lamport ya tsaya gaban taron masana ya ce tana cikin mafi kyawun ayyukan Dijkstra, sannan aka farga. Yau fanni ne mai zaman kansa.

Ba daidai ba ne a ce Dijkstra ya gama da matsalar. 'Yan Najeriya sun ga haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, da jama'a suka koma tiransifa gaba ɗaya: a cire wa mai saye kuɗi, mai sayarwa bai ga alat ba, a tsaya cirko-cirko a kasuwa. Wannan ciwo ne na kwamfutocin bankuna biyu da na'urar da ke tsakaninsu, waɗanda saƙo ya yanke musu kafin su daidaita magana. Ƙa'idar da ke cewa ciniki ko dai ya kammala duka ko a warware shi duka, aikin wasu ne da suka biyo baya, musamman Jim Gray na Amurka. Har an tabbatar da lissafi cewa idan hanyar sadarwa ta yanke, tsari ba zai iya ba da amsa nan take kuma ya tabbatar amsar daidai take a ko'ina ba, dole ya saki ɗaya. Shi ya sa wani lokaci banki kan gwammace ya ƙi ciniki ko ya jinkirta shi da ya biya sau biyu. Abin da Dijkstra ya bari shi ne harsashin da duk waɗannan suka hau, da kuma ɗabi'ar tambayar me zai faru idan abubuwa suka zo a mafi munin jeri.

A 1984 ya koma Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, ya koyar har ya yi ritaya a 1999. Ba ya bin littafi a aji, jarrabawarsa kuma ta baka ce, ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci a gidansa. Shi da Ria sukan zagaya gandayen shaƙatawa na Amurka a wata motar bas ƙirar Volkswagen, a can ma yana rubutu.

Da ciwon daji ya ci ƙarfinsa ya koma Nuenen, inda ya rasu ranar 6 ga Agusta, 2002, yana da shekara 72, ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Gab da rasuwarsa babban taron masana kwamfutocin da ke aiki a warwatse ya ba shi lambar yabo saboda maƙalar nan ta 1974, a shekarar da ta biyo baya kuma aka sa wa lambar sunansa. Takardunsa na EWD, sama da 1,300, Jami'ar Texas ta adana su, ta kuma sa fiye da dubu a intanet kyauta, da yawansu da rubutun hannunsa.